Majinginar Malam Ishiyaku

"Ka ji sharaɗin, ko in maimaita maka?"

Malam Ishiyaku ne ya yi tambayar, yana zaune a kan babur ɗinsa ko saukowa bai yi ba, a bakin wata rumfar gyaran babura da ke kan hanyar kasuwar Birnin Kudu. Dogon dattijo ne, manomin Fagam mai riɗi da dawa, wanda in ya faɗi magana sau ɗaya ba ya sake ta.

Taufiq yana durƙushe a gabansa, hannuwa duk baƙin mai. Ya ce, "Na ji, Baba."

"Faɗi in ji."

"In gyara majinginar nan ta bayanka. Ka tafi da ita Fagam, ka yi zirga-zirgarka, ka dawo kasuwa mai zuwa. In aka sa hannu aka girgiza ta ba ta motsa ba, in turo manyana."

"In kuma ta motsa fa?"

Taufiq ya ce, "In fita daga harkar Ummussalma."

"Ko da kamar ƙwayar gero ta motsa," in ji dattijon. Ya juya wajen rumfar da ke manne da ta Taufiq. "Hambali, kai ne shaida."

Hambali mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi ya ce, "Na shaida, Malam. Amma tsakani da Allah ka ɗaure yaron nan tamau."

Wanda bai san dawan garin ba zai ce dattijo ya yi adalci. Ina! Majinginar nan, wani ƙarfe ne mai soso da aka ɗaure a bayan mazaunin matuƙi, bakanike huɗu sun taɓa ta, har da wani a Kano da ya yi mata walda. Babu wanda aikinsa ya kai sati. Malam Ishiyaku ya san haka sarai. Ya daɗe da rantsuwa ba zai tilasta wa 'yarsa Ummussalma miji ba, balle yanzu da ta zama malamar makaranta mai cin gashin kanta a Birnin Kudu. Ga kuma ƙanwarsa Hajiya Turai daga Kano, safe waya yamma waya, a kan a haɗa yarinyar aure da ɗanta Abdulsamad mai motocin haya uku a layin Gwaram. Ba zai ce wa 'ya dole ba, ba zai iya ce wa ƙanwa a'a ba. Shi ne ya samo dabarar da ƙarfe zai yi magana a madadinsa.

Ya miƙa hannu ya kama ginshiƙin rumfar, ya ɗan jijjiga shi, ya ce, "Injiniya, gara ta cinye maka wannan itacen." Yana cikin faɗa ya zare ƙafarsa daga kan babur a hankali, ya tsaya, ya gyara babbar rigarsa. "Bayan la'asar zan dawo."

Hambali ginshiƙi ya kalla. Taufiq kuwa ba ginshiƙi ya kalla ba.

*

Bai ɗauki sifana ba. Sai da ya zagaye babur ɗin sau uku yana kallo kamar mai sayen saniya.

"Kai, ɗan nan, rana tana tafiya," in ji Hambali. "Turo min shi nan. Na Kano siririn ƙarfe ya sa, shi ya sa ta karye. Ni in na haɗa mata ƙarfe mai kauri na zuba mata wuta, wallahi ko jaki aka ɗaura ba zai motsa ta ba. Ka yi aurenka mu ci alkaki."

"Baba Hambali, zo ka ga wani abu."

Taufiq ya kwance notunan biyu ya ɗaga ƙarfen. Hujin dama yana nan zagaye lafiya lau. Na hagu kuwa ya cinye, ya yi tsawo kamar ƙwai.

"Gefe ɗaya ke ɗaukar nauyi," in ji shi. Ya danna soson da babban yatsa. Sama da dama yana nan da taushinsa, ƙasa ta hagu ya mutu murus, fatar wurin har sheƙi take. "Ya ce wa mutane don buhu ya sa ta, kada kaya su zamo masa. Buhu ba ya zama gefe ɗaya shekara biyu."

"To me ke nan?"

Taufiq ya tsuguna ya nuna ƙarfen giya. Inda ake takawa da dunduniya ya suɗe tas, inda ake sa yatsu har tsatsa ya fara. Ya nuna madubi, an karkato shi sosai yadda mutum zai ga baya ba tare da ya juya ba. Ya nuna robar kik.

"Wannan ba sawun takalminsa ba ne. Wani yake sawa ya tayar masa. Baba Hambali, mutumin nan bayansa ne ba lafiya. Nan ƙasa, ta dama, kuma ciwon yana sauka ƙafa. Gudun ciwon yake yi, shi ya sa yake kwantar da jikinsa hagu. Duk ramin da ya faɗa tsakanin nan da Fagam, a kan notin nan ɗaya yake sauke nauyinsa. Ba majinginar ce ke kwancewa ba, shi yake kwance ta."

Hambali ya yi tsaye baki buɗe. Shekara talatin yana cin kasuwa da Malam Ishiyaku, bai taɓa jin ya ce wash ba.

"La'ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Duk a jikin ƙarfe ka karanta wannan? Kai, ko dai kana da mutanen ɓoye?"

"Ka ga yadda ya kama ginshiƙi ɗazu? Ba gara ya duba ba."

Hambali ya zauna a kan benci daɓas. Can ya ce, "To ai waldar ma ta fi. Ta riƙe shi gam."

"Za ta riƙe. Wata shida ma za ta yi. Amma in ƙarfe ya ƙi motsi, duk dukan da hanya ta yi, a ƙashin bayansa zai ƙare. Abin da yake buƙata abu ne da zai bi shi in ya kwanta, ya dawo da shi in ya taso. Sai na sa mata roba a tsakani."

"In ka sa roba, in aka tura ta da hannu fa?"

Taufiq ya ci gaba da juya ƙarfen a hannunsa.

"Tambayarka nake, Taufiq!"

"Za ta motsa," ya ce. "Kuma don Allah, Baba Hambali, maganar bayan nan ta tsaya a rumfar nan. Mutumin da ya ɓoye wa 'ya'yansa abu shekara biyu, ba ni zan tona shi a kasuwa ba."

*

Ana tashi daga makaranta Ummussalma ta iso, da jakar littattafan ɗalibai a hannu, hijabinta duk alli. Labarin sharaɗin ya riga ya kai mata, don a Birnin Kudu ranar kasuwa magana ba ta kwana.

Ta tarar da shi yana yanka tsohuwar tayar mota da wuƙa, yana fitar da 'yan zagaye masu kauri.

"Yaya Taufiq, mene ne wannan?"

"Aiki ne, Malama."

"An ce Baba Hambali ya ce zai yi walda ka ƙi." Ta juya. "Baba, gaskiya ne?"

Hambali ya sauke gilashinsa ya rufe ido da shi, ya shiga ƙoƙarin neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

"Salma, zauna."

"Ba zan zauna ba! Shekara uku, Yaya Taufiq. Shekara uku ina shan gori. Gwaggo Turai ta ce in na aure ka a kwanon baƙin mai zan riƙa cin tuwo, na yi dariya. Ƙawayena sun ce in bar mai mota in bi mai gyaran babur, na toshe kunne. Yau Allah ya kawo mana ƙofa, ƙarfe ɗaya da wuta ɗaya, kai kuma ka zauna kana yanka taya?"

Hawaye suka zubo mata. Ta sa gefen hijabi ta share, wasu suka biyo.

"Walda ba ta dace da babur ɗin nan ba," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Babur! Ni ina maganar rayuwata kana maganar babur? To faɗa min dalili. Dalili ɗaya, in ji shi in haƙura."

Maganar ta zo masa har bakin harshe. Kalma biyar kawai, da ta gane, da ma ita za ta riƙe masa tayar yana yankawa. Amma ya tuna yadda dattijon ya gyara rigarsa bayan ya saki ginshiƙi, ya ɗaga kai kamar ba komai.

"Ba zan iya faɗa miki ba."

"Ba za ka iya ba." Ta yi wata dariya mai kama da kuka. "Ko dai ka gaji ne? In ka gaji ka faɗa min da bakinka, kada ka laɓe a bayan noti."

"Salma, wallahi tun da na san kaina ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son ki ba. In na rasa ki ban san inda zan sa kaina ba. Amma in na same ki ta hanyar waldar nan, duk ranar da na kalli Baba sai na sunkuyar da kai. Ke ma in kin sani ba za ki yafe min ba."

"In na san me?"

Ya ci gaba da yanka.

Ta daɗe a tsaye tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta ɗauki jakarta.

"Allah ya ba ka sa'a da tayarka," ta ce. Ta tafi ba ta waiwayo ba.

Wuƙar ta zame ta yanke shi a yatsa. Ya tsotse jinin, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba.

Ya cike hujin da ya cinye da sabon ƙarfe ya sake huda shi. Ya sa roba sama da ƙasa a kowane noti, ya ɗora washa, ya ɗaure noti biyu ɗaya kan ɗaya don kada girgizar hanya ta warware su. Ya sauke majinginar ƙasa da yatsa biyu, ya ɗan karkatar da ita hagu. Ya farke fatar, ya cire mataccen soson, ya sa mai tauri a inda dattijon ke kwanciya, mai laushi a inda ciwon yake, ya ɗinke da hannunsa. Daga ƙarshe ya ɗan ɗaga ƙarfen giya ta wajen dunduniya, abin da babu wanda ya sa shi.

Bayan la'asar Malam Ishiyaku ya dawo. Ya ce wa Taufiq, "Tayar min in ji ƙarar injin, ko ka taɓa min wani abu." Da injin ya tashi, dattijon ya kama ginshiƙi ya hau.

Ya jingina.

Wani abu ya gifta a fuskarsa, kamar mutumin da aka kira shi da sunan da uwarsa kaɗai ta sani. Ya kalli Taufiq, ya kalli yatsan da ke ɗaure da tsumma. Bakinsa ya motsa, amma abin da ya fito shi ne, "Ba yau ce ranar girgizawa ba."

Ya ja babur ya nufi hanyar Gwaram.

*

Kwana bakwai Ummussalma ba ta ɗaga wayarsa ba.

Ranar kasuwa, tun hantsi rumfar ta cika. 'Yan acaɓa sun ajiye neman fasinja, masu kayan gwari sun bar tirensu. Abdulsamad ya zo da farar motarsa ya faka ta dab da rumfar, ya fito cikin shadda mai maiƙo yana kaɗa makulli a yatsa.

"Sannu da aiki, Injiniya," ya ce. "An ce da taya ka yi ɗinkin? Ai da ka yi magana, akwai tsofaffi a garejina, da na aiko maka da tirela guda."

Aka yi dariya. Taufiq ya ce, "Na gode, Alhaji."

A tsallaken titi, a ƙarƙashin wata darbejiya, akwai wata mai hijabi ruwan toka a tsaye. Bai yarda ya sake kallon wajen ba.

Sai wajen sha ɗaya aka ji ƙarar babur. Malam Ishiyaku ya iso, tayoyin duk jar laka, ya tsaya a tsakiyar taron bai kashe injin ba sai da ya kalli kowa.

"Kawu, barka da hanya," in ji Abdulsamad. "Umma ta ce in tsaya a madadinta. In gwada?"

Dattijon ya ɗan sunkuya gaba ya ba shi wuri. "Gwada."

Abdulsamad ya naɗe hannun riga. Ya kama majinginar ya tura.

Ta yi baya kaɗan, shiru, ba ƙara ba kaɗawa, ta dawo inda take.

Ya sake turawa. Ta sake tafiya ta dawo.

"Ta motsa!" Ya juya ga jama'a. "Kun gani da idonku! Malam Hambali, kai ne shaida, ta motsa ko ba ta motsa ba?"

Hambali ya share gumi. Ya kalli Taufiq kamar mai roƙon a sake masa baki. Taufiq ya girgiza kai.

"Ta motsa," in ji Hambali, da ƙyar.

"Injiniya," in ji Malam Ishiyaku, "ka ji. Kuskure ne?"

"A'a, Baba. Ni na sa ta motsa."

Taron ya ɗauki guna-guni.

"Ka san sharaɗi, ga mai walda a gefenka. Me ya hana ka?"

"Haka na ga ya dace da babur ɗin."

"Da babur ɗin."

"Da babur ɗin, Baba." Taufiq ya sunkuyar da kai. "Na yi alkawari, kuma zan cika. Allah ya ba ta wanda ya fi ni."

A tsallaken titi mai hijabi ruwan toka ta dafa darbejiya.

Malam Ishiyaku ya daɗe yana kallon saurayin. Abin da ya nema ya samu. Ƙarfe ya yi magana, ba wanda zai ce ya zalunci kowa. Shiru kawai zai yi ya ja babur ɗinsa ya shiga kasuwa.

Sai ya kafe ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ɗaga ɗayar ya tsallake sit, ya tsaya a kan ƙafafunsa. Ginshiƙin rumfa yana can nesa da shi taku huɗu.

Hambali ne kaɗai ya gane abin da ya gani. Ya ce, "Allahu akbar!" da ƙarfi har mutane suka juyo.

"Ku saurara," in ji dattijon. "Majinginar nan ba don buhu na sa ta ba. Ƙarya na yi muku. Shekara biyu ke nan bayana yana kashe ni. In na isa gida daga kasuwar nan, sai in zauna a kan babur a ƙofar gida ina yi kamar ina amsa waya, har ƙafata ta yarda ta ɗauke ni. Matata ba ta sani ba. 'Ya'yana ba su sani ba."

Ya kalli taron, ya ci gaba.

"Ranar da na bar nan, na isa Fagam na sauka kafin in tuna ya kamata in ji tsoro. Ban ce na warke ba, ciwo yana nan. Amma a satin nan na je Gwaram sau biyu, na je ta'aziyya Surko, ranar Laraba ma na hau na zaga gona ba don komai ba, don kawai in tabbatar ba mafarki nake ba. Duk ramin da na faɗa, sai in ji kamar wani ya sa tafin hannu ya tare ni." Ya nuna Taufiq. "Mutum huɗu sun duba ƙarfen nan. Wannan ni ya duba. Ban faɗa masa ba, bai tambaye ni ba. Kuma yanzu a gabanku ya zaɓi ya rasa abin da yake so da ya faɗi sirrina."

Ummussalma ta tsallako titi ba ta ko duba mota ba. Ta zube a gaban mahaifinta tana kuka. "Baba, shekara biyu? Baba, me ya sa?" Ta ɗago ta kalli Taufiq, sai ta rufe fuska da hannu biyu.

Abdulsamad ya daina kaɗa makulli. "Haba Kawu, da ka faɗa ai da na kai ka asibiti Kano. Da na ba ka mota da direba."

"Na sani, ɗana, kuma ba ka da rowa. Da ka ajiye ni a kujerar baya, shi ke nan Ishiyaku ya zama kaya." Ya numfasa. "Amma sharaɗi sharaɗi ne."

"Yauwa, Kawu."

"Hambali, ka shaida yaro ya faɗi. Ba zai turo manyansa ba, ba zai ƙara neman 'yata ba. Ni na gindaya, ba zan warware ba." Ya gyara hularsa. "Injiniya, wa ke tsaye a kanka?"

Taufiq ya ɗago a rikice. "Baffana, Malam Sabo. Yana Unguwar Ya."

"To ka aika masa ya shimfiɗa tabarma gobe da hantsi. Kai an hana ka nema. Ni babu wanda ya hana ni bayarwa. Da ƙafata zan je, a kan babur ɗin nan."

Rumfar ta kaure da kabbara. Wani ɗan acaɓa ya danna hon ya ƙi saki. Taufiq kuwa sai ga shi ya kama ginshiƙin nan da gara ba ta taɓa ci ba.

Da aka watse, in za a yi rabon gaskiya, ga yadda ta kasance. Abdulsamad ya ci sharaɗi ya koma Kano shi kaɗai a cikin farar mota. Hajiya Turai ta yi wata huɗu ba ta kira yayanta ba. Hambali ya rasa aikin walda ɗaya, ya sami labarin da har yau yake ba duk wanda ya zauna a bencinsa. Malam Ishiyaku ya yi asarar sirrinsa, don washegarin zuwa Unguwar Ya 'yarsa ta tasa shi gaba har wajen likita, yana faɗa tana share hawaye. Shi kuwa Taufiq, wanda ya faɗi a gaban kasuwa guda, shi ne kaɗai saurayin da aka sani a yankin nan da uban yarinya ya hau babur ya je har gidansu ya roƙa a karɓi 'yarsa.